Daidaiton Kibiya Da Baka: Ilmin Da Ke Neman Salwanta

Duk wanda ya tsaya a mahaɗar Kwangila da rani, sa'ad da maharba ke wucewa zuwa farauta, zai ga adaka ta yi rinjaye, alhali kwari da baka sai ɗai-ɗai a kafaɗar dattawa. Kuma lalle idan dattawan nan suka kau, akwai ilmi mai zurfi da zai bi su kushewa, shi ne sanin kibiyar da ta dace da kowane baka.

Asalin mas'alar shi ne, kibiya ba ta barin baka a miƙe. Idan aka saki tsirkiya, tana ingiza ta daga baya, ƙarfen tsini kuwa saboda nauyinsa yana jinkiri a gaba, sai jikinta ya tanƙware, ta tafi tana karkaɗawa kamar tarwaɗa a ruwa kafin ta daidaita. Gwargwadon nauyin tsini, da tsawon kibiya, da ƙarfin baka, gwargwadon tanƙwarar.

Masu gasar Olamfik, waɗanda ke harbi daga mita 70 da baka mai lanƙwasassun kai, suna auna wannan tanƙwarar da mizani: a ɗora kibiya bisa madogara biyu masu tazarar inci 28, a rataya mata giram 880 a tsakiya, in ta lotsa rabin inci a ba ta lamba 500. Amma hukuncin ƙarshe a wurinsu shi ne su harba wadda ba ta da gashi. Ga badame, in ta karkata dama ta cika laushi, sai a rage tsini ko a datse ta, in ta yi hagu ta cika tauri.

To, a nan hujjata take. Kibiyar ƙasar Hausa tun asali ba a sa mata gashi, saboda haka maharbinmu, wanda zai zaɓi kyauro ya murza shi a tafin hannu, ya kanne ido ɗaya ya duba miƙewarsa, ya gasa shi a wuta ya gyara, sa'an nan ya ce wa maƙeri wannan tsinin ya yi masa nauyi, kullum cikin waccan jarrabawa yake, ko da bai taɓa jin lamba ba. Da irin wannan ƙwarewa 'yan bakan Shehu Usmanu suka tari dawakin Gobir a Tabkin Kwatto a 1804.

Ra'ayina, Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ke nan Samaru kusa da mu, ta nemi Sarkin Baka da jama'arsa, a auna tsinin kibansu da taurin kyauronsu da jan bakansu, a rubuta tare da bayanin bakinsu. Samarin da ke sha'awar bakan zamani kuma, kafin su zuba kuɗi a kiban waje, su zauna gaban dattawan nan su ga yadda ake zaɓen kyauro.