Kafin a zuba kafso a ruwan tarwaɗa

A shekarar 2018 ruwan madatsar Goronyo ya ja baya har ya koma kusan kashi 10 cikin 100 na abin da take iya ɗauka. Masuntan da suka gaji su daga iyaye da kakanni sun ga abin da ake nufi da dogara ga gulbi kaɗai. Wannan na cikin abin da ke sa matashi a Gandi, Rabah ko Wurno ya fara tunanin gina ɗan kududdufin siminti a bayan gida, ya zuba 'ya'yan tarwaɗa.

Sana'a ce mai kyau, sai ranar da ciwo ya shigo. Mai kiwo ya wayi gari kifi ya ƙi abinci, yana rataye a saman ruwa, gashin bakinsa ya fara ruɓewa, ciki ya kumbura, fata ta yi ja da gyambo. Sau da yawa mai wannan aikin ƙwayar bakteriya ce da ake kira Aeromonas hydrophila. Ba baƙuwa ba ce, dama tana zaune cikin ruwa. Abin da ke ba ta dama shi ne cunkoso, da ragowar abinci da kashin kifi da ke ruɓewa a ƙasa, da zafin bazara mai rage iskar da ke cikin ruwa.

Daga nan sai shagon magani. A sayo kafso mai ja da rawaya irin na mutane, a ɓare a juye cikin ruwa, ba awo, ba likitan dabbobi. In kifi ya ɗan farfaɗo, jibi ya tafi kasuwa, ko a yi bandarsa. A Amurka doka ta ce tarwaɗar da aka ba maganin oxytetracycline sai ta yi kwana 21 kafin a kai ta ga mai ci. A nan wa ke ƙirga kwanakin? Ruwan da aka zubar kuwa, fadama yake gangarawa, inda ake ban-ruwan albasa, dabbobi kuma na sha. Ƙwayoyin cutar da suka sha maganin ba su mutu ba su ne ke hayayyafa, kuma gobe ba za su ji shi ba, ko a jikin kifi ko a jikin yaro. Binciken da mujallar The Lancet ta buga a 2022 ya nuna cututtukan da suka daina jin magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma yammacin Afirka ce ta fi kowane yanki jin jiki.

Shi ya sa wasu ke cewa a koma ga shuwaka, dogon yaro da tafarnuwa. Maganar na da tushe, musamman a ƙasar da tafarnuwar Wurno da Goronyo ke cika manyan motoci. Tafarnuwa na ɗauke da sinadarin allicin mai hana bakteriya yaɗuwa, kuma gwaje-gwaje sun nuna haɗa ta cikin abinci na ƙara wa kifi ƙarfin jiki. Amma a faɗi gaskiya: rigakafi ce, ba ta ceto kifin da cuta ta riga ta shiga jininsa. Dogon yaro kuma, in ya yi yawa, shi kansa yana kashe kifi. Ganyen da ba a san awonsa ba caca ce da jarin talaka.

Norway, mai kiwon kifin salmon, ta rage amfani da irin waɗannan magunguna da kusan kashi 99 cikin 100 daga 1987, ta hanyar allurar rigakafi da tsafta. Mai kududdufi a Gandi ba shi da wannan allura, amma yana iya canja ruwa a kan kari, ya rage cunkoso, ya cire mataccen kifi ya binne, ya ware maras lafiya ya yi masa wankan gishiri.

Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na da masana kifi da likitocin dabbobi. Su gwada tafarnuwar yankin nan, su fitar da awo da Hausa, cokali nawa a mudun abinci, a karanta a rediyo. Hukumar NAFDAC kuma ta sa ido kan masu sayar da kafso ba takardar likita. Kai kuma mai kiwo, in ka ba kifinka magani, don Allah riƙe shi har kwanakin su cika kafin ka kira mai saye.