Furen Lili Da Kyanwar Gida

'Yan'uwa manoma, kyanwa ce ke tsare mana rumbu daga ɓera, ba ta kuwa karɓar ko kwabo. Saboda haka a ganinmu bai kamata furen nan na Turawa, lili, wanda akan yi ado da shi lokacin Ista, ya shiga gidan da ke da kyanwa ba. Dafi ne gare ta. Ko ɗan ganye ta tauna, ko ta lashe garin furen a gashinta, ko ta sha ruwan da aka tsoma shi, ƙodarta na iya lalacewa cikin kwana 3. Wanda ya ga ta taɓa shi, kada ya jira sai ta fara amai. Ya garzaya wurin likitan dabbobi ran nan, gama bayan awa 18 da wuya magani ya ci.