Lambar ɗan wasa ba alƙawari ba ce

Samari a fada sun maida eFootball da FC 24 abin musu, har da caca. Mai ɗan wasa 90 ya sha kashi hannun mai 78, sai ka ji "injin ya yi cuta", rigima ta tashi a kan jika guda.

Yara, ku fahimta. Lambar nan ana lissafa ta ne daga abubuwa irin su gudu, bugu, ba da ƙwallo, yanka, tsaro da ƙarfin jiki. Tana gaya maka abin da ya fi faruwa cikin wasanni masu yawa, ba wasan yau ba. Kamfanin Konami ma ya sa kibiyar lafiya, yau sama gobe ƙasa, da gangan.

Haka ƙwallon gaske take. A 2022 Saudiyya ta ci Ajantina 2-1 a Katar, amma Ajantina ta ɗauki kofin.

In kana son sanin gwani, ku buga ashirin a ƙirga. Wasa ɗaya sa'a ce, kuma mai ɗora kuɗin cefane kan sa'a shi ya cuci kansa. Allah ya shirya mana.