Abin da allo ba ya faɗi

Ƴan dara na Madarumfa sun sani: wanda ya iske wasa a tsakiya, da ya dubi gurabu ya gane inda aka kwana. A darar Turawa, wato eshek, ido kaɗai bai isa ba.

Akwai motsin da Faransawa ke kira rok: sarki ya gusa gida biyu wajen hasumiya, ita kuwa ta tsallake shi ta tsare masa gefe. Sharaɗin fari, kada ɗayansu ya taɓa motsawa. Sarkin da ya fita ya komo mazauninsa ya rasa wannan haƙƙi har ƙarshen wasa, alhali allo bai nuna komi ba.

Don haka, in ka jera ƴaƴan wasa da kanka a kwamfuta, sai ta nemi ka faɗa mata ko haƙƙin na nan. Tsarin rubutun FEN, wanda Steven Edwards ya gina bisa dabarar David Forsyth ta 1883, ya keɓe masa gurbi na 3 cikin 6: KQkq in duka huɗun na nan, ɗan layi in babu ko guda. Harafi ɗaya ya kuskure, na'ura ta ba ka shawarar motsin da ƙa'ida ta hana.

Haka gona take a bakin Gulbin Maraɗi: ƙasa ba ta faɗin ko aro ce, ko jingina, ko saye. Dokar karkara ta 1993 ta tanadi kwamitocin filaye don a rubuta wannan. Mai gona, je ka a rubuta naka tun shaidu na raye.