Famfo Biyu Ba Tsaro Ba Ne Idan Ba A Gwada Kowanne Shi Kaɗai Ba

Duk matashin da ke buga PUBG a waya ya san jairoskof, wato na'urar da ke sa hoton wasan ya juya da zarar an karkata wayar. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, akwai dubban tsofaffin ƙananan jiragen sama da har yau suke dogaro da kakan wannan na'ura, wani ɗan faifan ƙarfe da iska ke juyawa. Idan iskar ta ɗauke, matuƙin da ke cikin gajimare ko hazo zai iya rasa ransa cikin 'yan mintuna. Masu jirage masu inji biyu sukan kwantar da hankalinsu da cewa famfon iskarsu biyu ne. Wannan kwanciyar hankalin ita ce babbar matsalar, domin famfo na biyu yana ɓoye mutuwar na farko.

Yadda tsarin yake aiki

A jikin kowane inji akwai ƙaramin famfo da injin ke juyawa. Famfon yana zuƙo iska daga cikin ɗakin matuƙi, ta bi ta cikin filta, ta ratsa agogunan da ke gaban matuƙin, sannan ta fice. A hanyarta take bugun faifan jairo, ya riƙa juyawa sau dubbai a minti ɗaya. Faifan da ke gudu haka ba ya yarda a karkata shi, kamar yadda tayar keke ke tsayawa cak muddin tana gudu. Da wannan taurin kai nasa ne agogon daidaito ke nuna wa matuƙi ko hancin jirgi ya yi sama ko ƙasa, ko fiffike ya karkata. Agogon alƙibla kuma yana nuna inda aka dosa.

A yawancin irin waɗannan jirage, ƙarfin zuƙar da ake so yana tsakanin 4.5 da 5.5 a ma'aunin da ake kira incin makuri. Wasu jiragen tura iskar suke yi maimakon zuƙa. Beechcraft Baron 58, wanda Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya ta daɗe tana horar da ɗalibai da shi, yana cikin masu turawa. Amma famfon iri ɗaya ne, kuma cututtukansa iri ɗaya ne.

Manomin rani a fadamun Taloka, Goronyo ko Wurno zai fahimci wannan tsari da wuri. Ya san cewa idan injin ban ruwa ya ƙi jan ruwa daga Rima, ba lallai injin ne ya lalace ba. Wataƙila tiyon zuƙa ya tsage yana shan iska. Wataƙila ragar bakin tiyo ta toshe da laka. Wataƙila bawul ɗin da ke hana ruwa komawa ne ya saki. Gogaggen manomi yana bin waɗannan ɗaya bayan ɗaya kafin ya ɗora inji a babur zuwa wurin bakanike. A jirgi ma haka abin ya kamata ya kasance.

Mutuwar da ba ta da ƙara

Famfon da ake amfani da shi a yawancin jiragen nan ba ya shan mai. A cikinsa akwai 'yan fukafukai na kabon da ke goguwa da jikin famfon, suna cinyewa a hankali. Ranar da ɗaya ya karye, sauran sukan farfashe nan take, sai wata 'yar mahaɗa da aka yi ta musamman don ta tsinke ta tsinke, domin kada ɓarnar ta shiga cikin inji. Injin zai ci gaba da aiki lafiya lau. Babu ƙara, babu hayaƙi, babu girgiza.

Faifan jairo kuma ba ya tsayawa farat ɗaya. Yana rage gudu a hankali cikin 'yan mintuna, agogon yana karkata kaɗan-kaɗan, yana nuna ƙarya cikin natsuwa. Matuƙin da bai lura ba zai bi agogon, ya karkata jirgin da hannunsa yana zaton gyara yake yi. Jikinsa ma ba zai cece shi ba, domin ruwan da ke cikin kunne, wanda ke sanar da mutum ya karkata, ba ya jin karkatar da ta zo sannu a hankali. A wani gwaji da Jami'ar Ilinoi ta Amurka ta yi a 1954, an ɗauki matuƙa 20 da ba su koyi tuƙi da agogo kaɗai ba, aka hana su ganin waje. Dukkansu jirgi ya ƙwace musu, a matsakaicin lokaci na daƙiƙa 178.

Ranar 16 ga Oktoba 2000, gwamnan jihar Misuri ta Amurka, Mel Carnahan, ya rasu tare da ɗansa da ke tuƙi da wani hadiminsa, a cikin Cessna 335 mai inji biyu. Dare ne, ana ruwa. Matuƙin ya sanar da masu kula da zirga-zirgar jirage cewa babban agogon daidaitonsa ya samu matsala. Hukumar binciken haɗurra ta ƙasar ta kammala da cewa ya rikice ya kasa sanin sama da ƙasa, kuma lalacewar agogon da munin yanayi sun taimaka. Akwai agogo na biyu a jirgin, amma yana can ɓangaren dama, nesa da idon matuƙi. A 2004 wata kotu ta umarci kamfanin da ya ƙera famfunan jirgin ya biya iyalan dala miliyan 4, duk da cewa rahoton hukumar bai ɗora laifin a kan famfunan ba. Ko ma wane ɓangare mutum ya gaskata, jirgin yana da komai biyu-biyu, kuma hakan bai wadatar ba.

A nan Arewa wannan ba labarin nesa ba ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu kan rufe sararin Sakkwato da Kano har a soke tashin jirage. Matuƙin ƙaramin jirgi da ya shiga irin wannan hazo ba ya ganin layin da ya raba ƙasa da sama, ko da tsakar rana ce. Ƙurar nan kuma ita ce ke toshe filta, zafin Afrilu da ke haura digiri 40 yana busar da tiyo da robar bawul.

Inda ake yin kuskure wajen gyara

Kuskure na farko shi ne sauya famfo da zarar agogon zuƙa ya nuna ƙasa. Famfon kabon ba kasafai yake rauni a hankali ba. Galibi ko yana aiki ko ya mutu. Don haka idan zuƙa ta ragu amma ba ta ɗauke ba, ya fi kyau a fara duba tiyo da ya tsage ko ya lanƙwashe, da maɗaurin da ya saki, da filtar da ta cika.

Kuskure na biyu ya fi haɗari: murɗa na'urar daidaita zuƙa har allurar agogo ta koma daidai. Wannan ɓoye cuta ne. Filtar tana nan a toshe, tiyon yana nan a tsage, famfon ne kawai aka ƙara wa wahala, zai yi zafi ya mutu da wuri.

Kuskure na uku shi ne ɗaura sabon famfo ba tare da an tsabtace hanyar iska ba. Idan famfo ya farfashe, ɓarɓashin kabon yakan koma cikin tiyo. Sabon famfon zai zuƙe shi ya mutu cikin ɗan lokaci, mai jirgi ya ce an sayar masa da jabu. Haka nan mai ko sinadarin wanke inji idan ya shiga famfon, yana haɗuwa da garin kabon ya zama kunu ya kashe shi. Farin tef ɗin masu aikin famfo ma an hana naɗa shi a bakin mahaɗa, saboda guntunsa kan tsinke ya shige ciki.

Kuskure na huɗu na masu inji biyu ne kaɗai. Tiyon famfo biyun suna haɗuwa a wata mahaɗa mai bawul biyu. Idan famfon hagu ya mutu, bawul ɗinsa ya kamata ya rufe, don kada na dama ya riƙa jan iska ta cikin mataccen. Idan robar bawul ɗin ta bushe ta ƙi rufewa, mutuwar famfo ɗaya za ta ja tsarin duka ƙasa. Kuma muddin famfo biyun suna aiki, babu abin da zai tona wannan. Gwajin kuwa kyauta ne. A tayar da injin hagu shi kaɗai, a duba ko zuƙa ta cika kuma alamar gefen dama na nuna babu. A wani tashin a fara da na dama. Wajen kashewa ma a riƙa sauya wanda ake fara kashewa. Matuƙin da kullum yake bin jeri ɗaya, rabin tsarinsa kawai yake gwadawa.

To me ya sa ba za a cire tsarin gaba ɗaya ba?

Wannan ita ce hanyar da duniya ta kama, kuma daidai ne. Jairoskof na zamani ɗan ƙaramin guntu ne na lantarki, irin wanda ya shahara a waya tun fitowar iPhone 4 a 2010. A 2016 hukumar jiragen sama ta Amurka ta amince a maye gurbin tsohon agogon daidaito da Garmin G5 a ƙananan jirage da yawa, kuma yana da batirinsa na ko-ta-kwana mai kai wa sa'o'i 4. Jiragen Diamond DA42 da kwalejin Zariya ta ƙara a rundunarta ma allon kwamfuta suke amfani da shi. Duk mai tsohon jirgi da ke da hali ya kamata ya bi wannan hanya.

Masu kare tsohon tsarin suna da hujja guda mai ƙarfi: famfon iska ba ya buƙatar lantarki, don haka idan wutar jirgi ta ɗauke yana nan yana aiki. Ga kuma tsada, domin da dala ake sayen na'urar, kuma sai ƙwararre mai lasisin hukumar NCAA zai ɗaura ta. Hujjar tsada gaskiya ce. Ta lantarkin kuwa batirin cikin na'urar ya rage mata ƙarfi, da sharaɗin ana gwada batirin shi ma. Abin da bai dace ba shi ne a ɗauki manhajar waya a matsayin madadin agogon jirgi. Ba a tantance ta don wannan aiki ba, zafin rana kan kashe waya, kuma wayoyi masu araha da yawa ba su da jairoskof sam.

Wannan darasi ya shafi wanda bai taɓa hawa jirgi ba. Mai layi biyu a waya da ya dogara da na biyun don aika kuɗi cikin gaggawa, amma bai sa masa kati ba wata da watanni, yana iya tarar an rufe shi. Mai cewa hirarsa ta WhatsApp tana ajiye a Google Drive, yaushe rabon da ya buɗe ya duba ranar ajiya ta ƙarshe? Masu rubuta manhaja ba sa ɗaukar ajiyar bayanai da muhimmanci sai an gwada dawo da ita an ga ta dawo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk abin da aka ajiye don ranar matsala, a kashe na farkon da gangan lokaci-lokaci a ga ko zai tsaya shi kaɗai, tun ana ƙasa.