Mena: a shirya magada tun manya na fili

Mena ta je gasar CAN ta 2012 ƙarƙashin Harouna Doula, ta koma a 2013 da Gernot Rohr. Tun daga nan ba ta sake zuwa ba. Kowa ya san gwanaye irin su Moussa Maâzou da Kassaly Daouda ba za su dawwama a fili ba. Aikin shugaba shi ne ya shigo da matasa tun manya na nan, su koya a gefensu. A CHAN ta Aljeriya a 2023, ƴan wasan gida sun kai wasan kusa da na ƙarshe, alamar akwai gwanaye a cikin ƙasa. Ya kamata FENIFOOT ta bar mai horaswa ya daɗe ya gina magada, kada a canza shi da zarar an sha kashi.