Zuwa ga Matasa Masu Neman Kujera: Ku Tuna da Balarabe Musa

Ƙannena,

Na ga wasunku sun fara manna hoton marigayi Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa a gefen fostarsu. Madalla. Amma kafin ku ari rigar mutum, ku san nauyinta.

Ranar 1 ga Oktoba 1979 aka rantsar da shi gwamnan tsohuwar Jihar Kaduna, lokacin Katsina na cikinta, a tutar PRP. Majalisar dokoki kuwa tana hannun NPN. Ya aika sunayen kwamishinoni, suka yi watsi da su. Ya sake aikawa, suka sake. Abin da ake so bai ɓuya wa kowa ba: a zauna a raba muƙamai, kowa ya samu nasa kason. Ya ce a'a. Haka ya yi mulki ba kwamishina ko ɗaya, kuma a hakan ya soke haraji da jangali, kamar yadda Abubakar Rimi ya yi a Kano. Ku tambayi dattijon da ya taɓa kwana a dawa don gudun mai karɓar haraji, shi zai gaya muku girman wannan aiki.

Ranar 23 ga Yuni 1981 'yan majalisa suka tsige shi, gwamna na farko da aka yi wa haka a Najeriya. Ya koma gonarsa. Da aka dawo mulkin farar hula ya sake ɗaukar PRP ɗinsa, jam'iyyar da ba ta da buhun shinkafar rabawa, har ya rasu a 2020.

To ga inda nake so ku buɗe kunne. Ƙin cinikin muƙami daidai ne, ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Sai dai gaskiyar gwamna ba ta jefa ƙuri'a a zauren majalisa, 'yan majalisa ne ke jefawa. Ga jam'iyyarsa ma ta dare biyu, Santsi da Taɓo, ana cikin wannan dambarwa. Ku kuwa kowannenku gwamna yake hange, ko sanata, an bar kujerar kansila da ta majalisar jiha ga yaran ubangida. Ku koma mazaɓa, ku tsayar da mutanen da kuka san ba za a saye su da mota ba, ku tsare musu akwati ranar zaɓe har a gama ƙirga.

Wassalam,
Yayanku a wannan harka.